Malamin tarihi na shirin cin bashi don ya saya wa ajinsa majigi

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata babbar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a jihar Katsina, shekarata tara ke nan ina koyarwa. Aji ɗaya yara sun haura tamanin, littafin tarihi kuwa guda shida ne a makarantar gaba ɗaya. In na ambaci Hasumiyar Gobarau ko Rijiyar Kusugu sai su yi ta kallona, don yawancinsu ba su taɓa zuwa ba, ko hoton ma ba su gani ba. Na je kasuwa an yi mini lissafin majigi da kwamfuta da sola, kuɗin ya haura naira miliyan biyu. Na kai wa shugaban makaranta, ya ce ko kuɗin alli da ƙyar ake samu, kuma in kuɗi ya shigo ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ne a gaba. Yanzu tunani biyu nake yi: ko in ci bashin banki a riƙa cira daga albashina, ko in sa wa kowane yaro naira ɗari biyar. Maiɗakina ta ce in na ci bashin nan ba da yawunta ba, har mun kwana biyu ba ma wata magana ta kirki. Ni kuma zuciyata ta gaji da koyar da tarihi kamar tatsuniya. Wace shawara za ka ba ni?

Daga wani malami, jihar Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan damuwa taka, don malamin da ke hana kansa barci saboda yaran wasu abin a riƙe ne da hannu biyu. Amma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: a kan maganar bashi, maiɗakinka ta fi ka gaskiya. Kada ka ci.

Albashinka ba naka ba ne kai kaɗai, akwai hakkin iyalinka a ciki. Bashin da ake cira daga albashi kuwa ba ya jiran uzuri, banki zai zare nasa, da ruwan da ya ɗora a kai, tun kafin kuɗin ya iso hannunka, ko watan azumi ne ko yaro na kwance asibiti. Sannan ka tambayi kanka, kayan na wa za su zama? In ka ajiye su a makaranta, ran da takardar canjin wurin aiki ta zo maka, in ka ɗauke a ce ka kwashe kayan makaranta, in ka bari ka ci gaba da biyan bashin abin da wani ke amfani da shi. In ɓarawo ya fasa sito, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone majigin, bankin ba zai yafe maka ko kwabo ba.

Tarin naira ɗari biyar ya fi bashin haɗari. A makarantar gwamnati, malami ya karɓi kuɗi a hannun ɗalibai ba da izinin hukuma ba, takardar tuhuma yake nema wa kansa, kuma ranar da magana ta tashi ba wanda zai tuna cewa da kyakkyawar niyya ka yi. Ka kuma hango yaron da ubansa ba shi da ɗari biyar ɗin. Shi ne zai fara fakewa bayan aji ranar darasinka, alhali saboda shi kake wannan wahala. Lissafin ma ba ya fita: ko da yara ɗari uku kake koyarwa kuma kowa ya biya, dubu ɗari da hamsin ka tara, ko kashi ɗaya cikin goma na abin da kake nema bai kai ba.

Duk da haka ban ce ka haƙura ba. Abin da ke cin ranka gaskiya ne. Wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Ke nan yaran da ke gabanka sun iso babbar sakandare kusan ba su da tushe, wasu malaman nasu na ƙasa ma ba su karanta shi ba. Shugabanku da ya sa kimiyya a gaba ba maƙiyinka ba ne, a wannan yanayin ya yi aiki shekara da shekaru, kuma da sakamakon WAEC da NECO na lissafi da Turanci da kimiyya ake auna shi. Kada ka ja da shi. Za ka buƙaci sa hannunsa a kan duk takardar da za mu yi magana a kanta.

Abu na farko, ka koma ka yanke lissafin nan. Wanda ya yi maka shi ɗan kasuwa ne, abin da ke shagonsa ya lissafa maka. Ni a ganina majigi ba shi ne ya dace da ajinka ba. Majigi mai ƙwan fitila yana jan wuta wat 200 zuwa 300, yana son ɗaki mai duhu, ga shi ƙurar hunturu na toshe masa matata har ya riƙa zafi yana ɗaukewa. Ka rufe tagogi a kan yara tamanin a watan Afrilu don hoto ya fito, ka ga abin da zai faru kafin minti goma. Talabijin mai faɗi na zamani, kamar inci 43 ko 50, yawanci ba ya kai wat 100, ana ganinsa da rana tsaka taga a buɗe, kuma yana karanta hoto da bidiyo kai tsaye daga filash. Ka ga kwamfuta ta fita daga lissafin farko ke nan. Da wayarka za ka tara kayan darasi, ka zuba a filash, ka soka a bayan talabijin. Na'urar da ba ta kai wat 100 ba, ko awa huɗu ta yi a kunne kullum, faifan sola ɗaya mai wat 300 da batir ɗaya da ƙaramar inbata sun riƙe ta. Gaskiya ne na layin baya ba za su karanta ƙananan rubutu ba, amma ai ba rubutu za ka nuna musu ba, allo da alli na nan don wannan. Hoto da taswira za ka nuna, in ya so layi-layi su riƙa matsowa. Ka koma kasuwa da wannan gajeren lissafi, ka karɓo farashi a rubuce daga shaguna uku, za ka ga yadda miliyan biyun nan ta zube.

Intanet a cikin aji ma ka cire shi daga ranka. Kuɗin data na wata-wata shi ke kashe irin wannan aiki a ɓoye. Ka sauke abin da kake so sau ɗaya, a inda sabis ke da ƙarfi, ka adana. Akwai manhajar Kiwix, kyauta ce, tana ba ka damar ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a waya ko kwamfuta ka karanta ba tare da data ba, ko da yake sai ka tantance abin da ka ɗauko kafin ka kai wa yara. Tsofaffin finafinan labarai na bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960 suna nan a YouTube, yara su ga Tafawa Ɓalewa yana magana da bakinsa. Hoton kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da yake jihar Yobe a yau, mai kimanin shekara 8,000, shi kaɗai ya isa darasi guda: a tambayi yara, me kwalekwale ke yi a wurin da yanzu ake kukan ruwa?

Mafi yawan abin da kake buƙata ma ba a intanet yake ba, yana kewaye da kai. Kai fa a jihar Katsina kake. Ka ware Asabar biyu da kuɗin mota. Ka je Gobarau ka ɗauke ta daga nesa, ka matso ka ɗauki jikin ginin yadda yara za su ga ƙasa da azara, ka ɗauki matakalar. Ka shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ka bi ƙofofin gari da abin da ya rage na ganuwa. Wata Asabar ɗin ka wuce Daura wajen Kusugu, in hali ya yi ka leƙa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Ka nemi izinin masu kula da wuraren kafin ka ɗaga waya. Hoton da ka ɗauka da hannunka, kana tsaye a gindin hasumiyar don a ga tsawonta a kan tsawon mutum, ya fi wa yaranka duk wanda Bature ya ɗauka. Haka taswira: ka zana hanyar da sarakunan Katsina na Haɓe suka bi bayan jihadi har suka kafa mulkinsu a Maraɗi, yaron da ke da dangi a can zai gane a take dalilin da ya sa har yau ake kiran sarkin Maraɗi Sarkin Katsina.

Akwai abin da na gani da idona da nake so ka riƙe. Wata shekara na ziyarci wata makaranta, aka buɗe mini wani ɗaki da ƙyar saboda kwaɗon ya yi tsatsa. Kwamfutoci ne jere a kan tebura, an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu kauri har wani ya rubuta sunansa da yatsa a kan ɗaya. Zanzaro ya yi gini a jikin soket. Na tambaya, aka ce batiran sola ne suka mutu bayan 'yan shekaru, ba a ware kuɗin sauya su ba, wanda ya kawo kayan kuma ya yi bikin miƙawa ya tafi. Yaran da ke makarantar a lokacin ba wanda ya taɓa danna ko maɓalli ɗaya. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da maganar sayen na'ura, tambayata ta farko ita ce wa zai sauya batir. Don haka a cikin duk abin da za ka nema, ka sa kuɗin gyara da na batir na gaba, da kejin ƙarfe da za a kafe talabijin a ciki, da ƙofa mai kwaɗo biyu. A kuma rubuta sunan wanda makulli ke hannunsa. In faifan sola zai hau rufi, a yi masa walda, a kuma sanar da maigadi cewa amanarsa ce.

To ina kuɗin zai fito? Kafin ka roƙi kowa, ka fara nuna musu. Mutanenmu ba sa ba da kuɗi a kan takarda, amma suna bayarwa a kan abin da suka gani da ido. Kusan kowane gari akwai gidan kallon ƙwallo, kuma da safe a ranakun aiki talabijin ɗinsa a kashe yake. Ka je wajen mai gidan, wataƙila ma tsohon ɗalibinku ne ko yana da ƙane a ajinka, ka roƙi aron talabijin da ƙaramin janareta na rabin yini, ka zuba mai da kanka. Wannan ne kaɗai kuɗin da na yarda ya fita daga aljihunka, shi da kuɗin motar ɗaukar hoto. Da izinin shugaban makaranta, ka gayyaci shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da na kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), da mai unguwa ko wakilin dagaci, su zauna a bayan aji.

Darasin ranar kuma ka shirya shi tun mako biyu kafin nan, yadda yaran ne za su yi magana. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya je wajen wani dattijo ko dattijuwa a unguwarsu da tambaya ɗaya. Wasu su tambayi yadda aka ji da farin 1973. Wasu su tambayi ranar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo a farkon shekarar 1973 ɗin. Wasu su tambayi yadda aka kwashi yara zuwa makaranta da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, wasu canjin kuɗi na 1984. Su ari wayar wani a gida su naɗi murya, da yardar mai maganar, in ya amince a ɗauki hotonsa. Ka hango lokacin da fuskar wata tsohuwa za ta bayyana a talabijin tana faɗin abin da suka ci a shekarar fari, jikarta na tsaye a gaban aji tana bayani, shugaban iyaye kuma na zaune a baya ya gane gwaggonsa ce. Bayan wannan ba sai ka yi dogon jawabi ba. Kuma ko da ba a samu ko sisi ba, ka riga ka koya wa yaran abin da masana tarihi ke yi: tambaya, saurare, gwada maganar wannan da ta wancan, a ga inda suka saɓa.

Wata dabara kuma, kada ka kira shi talabijin ɗin tarihi. Ka jawo malamin labarin ƙasa da na ilimin halittu da na addini da na Hausa, ku rubuta buƙatar tare, da jadawalin wanda zai yi amfani da ɗakin kowace rana. Malamin ilimin halittu da ba shi da madubin ganin ƙwayoyin halitta yana buƙatar hoton nan kamar yadda kake buƙatarsa. Nan take abin ya tashi daga son ran malamin tarihi ya zama buƙatar makaranta, shugabanku kuma ya samu abin da zai kira kayan kimiyya in an tambaye shi.

Game da gwamnati, ka san ƙofar da za ka buga don kada ka ɓata takalminka. Kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) da ke bi ta takwararta ta jiha (SUBEB), bisa dokar 2004, na firamare ne da ƙaramar sakandare, babbar sakandare ba ta ciki. TETFund kuma na manyan makarantu ne. Wanda ya fi kusa da kai shi ne AGILE, shirin bunƙasa ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko. Duk da sunan 'yan mata ke kansa, tallafin gyaran makarantu da yake bayarwa ta hannun kwamitin SBMC yake bi, kuma akwai ɓangaren koyar da fasahar zamani a cikinsa. Ka tambayi shugabanku ko makarantarku na ciki, da kuma ko za a iya sa buƙatarku a tsarin inganta makaranta da kwamitin ke rubutawa. Akwai asusun USPF da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC, wanda ya daɗe yana kai wa makarantun gwamnati kwamfutoci da sola, haka ma hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA. Akwai ɗan majalisarku na jiha da na tarayya, masu ayyukan mazaɓa. Duk waɗannan a rubuta musu, a kan takardar makaranta, da sa hannun shugaba, ta hanyar ofishin ilimi na shiyya. Shafi ɗaya ya isa: yawan ɗalibai, abin da ake so, farashin shaguna uku, inda za a ajiye, wanda zai kula, da hoton darasin nan da ka yi. Sai dai in gaya maka gaskiya, waɗannan ƙofofi suna da nauyin buɗewa. Ka aika, ka riƙa bibiya, amma kada ka jingina da su.

Inda na fi sa rai shi ne tsofaffin ɗalibai. Makarantar da ta yi shekaru tana yaye yara ba za ta rasa ma'aikacin banki ko jami'in kwastan ko ɗan kasuwa a Kano ko Abuja ba, kuma kusan kowane aji da ya fita yana da zaurensa a WhatsApp. Ka nemi mutum ɗaya mai mutunci a cikinsu, ka tura masa bidiyon minti biyu na darasin, da lissafin a fayyace. Ka roƙi kaya, kada ka roƙi kuɗi: wannan aji su ɗauki talabijin, wancan su ɗauki batir, mai walda na gari ya ba da aikin keji sadaka. Mutum ya fi sakin jiki in ya san ga takamaiman abin da ya saya, zai iya zuwa ya gan shi a kafe. Da yawa za su ɗauke shi sadaka mai gudana, su yi wa iyayensu da suka rasu.

In kuwa dole sai an tara kuɗi, to Malam, ina roƙonka kada ko naira ɗaya ta bi ta asusunka. A sa a asusun ƙungiyar iyaye ko na SBMC mai sa hannun mutum biyu. A je sayayya mutum uku. A ɗauki hoton kowane rasit a tura zauren da aka tara kuɗin, a shigar da kayan cikin rajistar kayan makaranta ranar da suka iso. Na ga mutanen kirki da sunansu ya ɓaci a kan kuɗin da ba su ci ba, don kawai ba su ajiye takarda ba. In iyaye da kansu suka ga dama suka yanke wani abu a taronsu, da amincewar hukuma, wannan shawararsu ce, amma a rubuta cewa ba yaron da za a hana shiga ɗakin don ubansa bai bayar ba.

Saura maganar gida, wadda a wurina ta fi duk waɗannan gaggawa. Baiwar Allah nan ba burinka take ƙi ba, tukunyarta take karewa, kuma ita ce za ta san yadda za a yi da ragowar albashi in banki ya zare nasa. Yau ɗin nan, bayan sallar isha'i, ka zauna da ita ka ce mata ka janye maganar bashi, ka kuma gode mata da ta tsaya a kan gaskiya. Ka faɗa mata nawa kuɗin mota da man janareta za su ci, ku amince a kai tare. Ranar da za ka je Daura ɗaukar hoto, in da hali, ka tafi da ita da yaranku su ma su ga rijiyar. In ka yi darasin gwajin, ka rubuto mini yadda ta kaya da abin da shugaban iyaye ya ce, sai mu duba takardar da za ku aika wa tsofaffin ɗalibai tare.